Tambaya da Amsa: Wai Daga Hanci Aka Samo Hankici?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina saro singileti da safa da hankici dozin-dozin, ina sayar wa 'yan tebur da yaran da ke yawo da su a bakin danja. Musu ne ya kaure tsakanina da maƙwabcin shagona. Shi ya ce hankici Hausa ce tsantsa, daga hanci aka samo sunan, tunda majina ake sharewa da shi. Ni kuwa na ce Turanci ne bakinmu ya lanƙwasa. Ya ce to in Turanci ne in faɗa masa abin da yake nufi a Turancin, sai na yi shiru. A raba mana gardamar nan, Allah ya ƙara basira.
Daga wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari, Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji, Allah ya kawo kasuwa. Kai ne da gaskiya. Amma maƙwabcinka yana da uzuri, domin hanci da hankici sun yi kama a kunne, kuma aikin ɗaya a kan ɗaya yake. Dacewa ce kawai aka yi. Hankici daga kalmar Ingilishi handkerchief ya fito, kuma in ka tona kalmar nan har ƙasa ba za ka tarar da hanci a cikinta ba. Hannu za ka tarar, da kai, da rufewa.

Kalmomi biyu aka haɗa. Ta farko hand, wato hannu, tsohuwar kalma ce da kakannin Ingilishi suka tsallako da ita daga yankin da yau yake arewacin Jamus da Denmak tun a ƙarni na 5. Har gobe Jamusawa da mutanen Holan hand suke ce wa hannu. Ta biyun, kerchief, ita ce mai dogon labari, domin baƙuwa ce a Ingila.

A shekarar 1066 Wiliyam, mai mulkin Nomandi da ke arewacin Faransa, ya tsallaka teku ya ci Ingila da yaƙi a fagen Hastings. Shi da fadawansa Faransanci suke ji. Daga nan har kusan shekara 300 Faransanci ne harshen fada da na kotu da na masu hannu da shuni, talaka ne ke ta fama da Ingilishinsa a gona. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa shari'a da Ingilishi. A tsawon wannan zamani kalmomin Faransanci dubbai suka kwarara cikin Ingilishi, musamman na sutura da girki da mulki, wato abubuwan da manya ke taƙama da su. Cikinsu akwai couvrechief. Ita ma biyu ce a haɗe: couvrir, rufewa, da chief, kai. Marufin kai ke nan, abin da mata ke ɗaurawa, kamar kallabi ko ɗankwali a wurinmu. Bakin Ingilishi ya yi ta cin kalmar, daga coverchief ta koma kerchief, kamar tsohon kwabo da yawon hannu ya shafe masa hoto.

Wannan chief ɗin, Alhaji, ka san shi. Shi ne cif ɗin da muke faɗa a cif joji, domin shugaba shi ne kan jama'a. Asalinsa caput na Latin, harshen Romawa, kuma daga wannan tushe ne kyaftin ya fito. Ashe "ci" ɗin da ke ƙarshen hankici ɗan'uwan cif joji ne na jini. Shi kuma couvrir yana nan ɓoye a wata kalmar da muka sha ji a rediyo lokacin rikici, curfew, dokar hana fita. Asalinta couvre-feu, rufe wuta. A garuruwan Turai na da, inda gidaje na katako ne da jinka, akan kaɗa ƙararrawa da dare kowa ya rufe garwashin murhunsa don gudun gobara, daga nan babu sauran yawo.

Shaidar cewa kerchief abin ɗaurin kai ne tana nan a rubuce. Mawaƙin Ingila Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya siffanta wata mata 'yar garin Bath mai son ado, ya ce coverchiefs ɗin da take ɗorawa a ka ranar Lahadi za su kai nauyin laba goma, sama da kilo huɗu ke nan. Zuguguwa ce irin ta mawaƙa, amma ta nuna mana inda abin yake zama a zamaninsa.

To yaya aka yi ya sauko daga ka zuwa hannu? Da kalmar ta tsuke ta zama kerchief, Baturen Ingila ya daina jin "rufewa" da "kai" a cikinta, tunda shi ba Faransanci yake ji ba. Abin da ya sani kawai shi ne ƙyalle mai kusurwa huɗu. Saboda haka da aka fara ɗaura irinsa a wuya sai aka ce neckerchief, na wuya. Da aka fara riƙe ƙarami a hannu sai aka ce handkerchief, kuma wajajen 1530 ne aka fara ganin wannan a rubuce. Daga baya da aljihu ya yaɗu a jikin tufafi har pocket handkerchief suka riƙa cewa. In za ka warware shi kalma-kalma, marufin kai na hannu na aljihu ke nan, amma babu wanda ya ji wani banbaraƙwai a ciki, don ma'anar farko ta riga ta kwanta. Mu ma muna da kusan irin wannan a adiko: wata za ta ce maka adikonta tana nufin na ɗaurin kai, wani ya ce adiko yana nufin na share gumi.

Shi abin kansa ya girmi sunan nesa ba kusa ba. Romawa suna da sudarium, daga sudor, gumi. Akwai mawaƙinsu Catullus, wanda ya rayu a ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da ya yi waƙa sukutum yana caccakar wani mai ɗauke wa mutane irin waɗannan ƙyallaye a wurin walima. Ya ce a mayar masa da nasa, ba don tsadarsa ba, sai don tsaraba ce da abokansa suka aiko masa daga Sifaniya. A Ingila kuma, takardun lissafin tufafin fadar Sarki Richard na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1377 zuwa 1399, sun ambaci 'yan ƙananan ƙyallaye na lilin da aka yanka wa sarki don share hanci. Shi ya sa za ka ji ana cewa shi ya ƙirƙiro hankici. Ni ban yarda da wannan ba, tunda ga Romawa can baya da sama da shekara dubu. Abin da takardun suka nuna shi ne, a lokacinsa abin bai zama ruwan dare ba, har sai da magatakarda ya tsaya yana bayanin amfaninsa, don ba shi da suna guda da zai kira shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne shekarar 1530 ɗin nan. A cikinta ne wani babban malami ɗan Rotterdam, Erasmus, ya fitar da ɗan littafi na koya wa yara maza ladabi, wanda ya zagaye makarantun Turai. A ciki ya ce share hanci da hula ko riga aikin ƙauyawa ne, yaro mai tarbiyya da ƙyalle yake sharewa, kuma in akwai manya a wurin ya kau da kai. Ka ga sunan ya bayyana ne daidai lokacin da ɗabi'ar ke fita daga fada tana shiga gidajen attajirai da makarantu. Sai mutane sun yawaita amfani da abu sannan suke buƙatar gajeren sunan da za su kira shi a kasuwa.

A nan akwai abin da za ka kai wa maƙwabcinka ya ji sanyi. Tunanin da ya yi, Faransawa sun yi shi. Su ba su bi ta hannu ko ta kai ba, mouchoir suka ce, daga moucher, fyace hanci. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi lakwal sun san kalmar. Jamusawa kuwa Taschentuch suke cewa, ƙyallen aljihu.

Kada kuma arhar da hankici yake yi a shagonka ta sa ka ɗauka haka yake tun asali. A ƙarni na 16 da na 17 kayan alfarma ne a Turai, na siliki ko lilin mai laushi, da surfani da leshi a gefe, saurayi ya ba budurwa, a rubuta shi cikin kayan gado. Wasan Shakespeare mai suna Othello, wanda aka rubuta wajajen 1603, kacokan a kan hankici ɗaya ya juya. Shi ne kyautar farko da kwamandan yaƙi Othello ya ba matarsa Desdemona, wani munafuki ya sa aka ɗauke shi aka jefa a ɗakin wani namiji, kishi ya rufe wa mijin ido har ya kashe matar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. 'Yan kallon wancan zamani ba su ga abin mamaki ba a ce hankici ya zama shaida, don kowane yana da zanensa da ake gane mai shi. Daga baya, da shaƙar garin taba ta hanci ta zama yayi a ƙarni na 18, sai masu launi da zane suka samu kasuwa, don fari ba ya ɓoye dattin taba, kuma da yawansu daga Indiya ake kawo su.

Wannan na Indiya ya taɓo mu. Masaƙan kudancin Indiya, wajen birnin Madaras da yanzu ake kira Chennai, suna saƙa wani yadi mai ratsi-ratsi a gicciye, 'yan kasuwar Turai suna kawo shi gaɓar Afirka ta Yamma da sunan Real Madras Handkerchief. Kalabari na Jihar Ribas suna kiransa injiri, kuma har yau yana da daraja a wurinsu a suna da biki da jana'iza, ɗaura shi suke a ƙugu. A tsibiran Karebiyan kuwa mata a ka suke ɗaura irinsa. Ko ba su sani ba, sun mayar da kalmar inda ta fito.

Shigowarta Hausa ba ta da nisa. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kantuna suka buɗe, ga bariki, ga makarantar boko, ga ma'aikata 'yan kudu da suka riga mu jin Turanci. Ta kunne Bahaushe ya karɓi kalmar, bai gan ta a takarda ba. Baturen Ingila ba ya furta d ɗin da ke ciki, ba ya furta r, abin da ke fita daga bakinsa kusan "hankacif" ne. Mu kuma kalmominmu sun fi son ƙarewa da wasali, sai f ta faɗi, aka samu hankici. Haka aka yi wa pancake ya zama fanke, torchlight ya zama tocilan, screwdriver ya zama sukudireba, dukkansu kalmomi biyu-biyu ne a Turanci da muka karɓa a dunƙule. Kuma ba mu ne farkon yar da f ɗin nan ba. A zamanin Shakespeare Turawan da kansu handkercher da yawansu ke cewa, har shi ma ya rubuta ta haka a wasu wasanninsa.

Mu da muka yi firamare da daɗewa, a wurin taron safe muka san darajarsa. Hedimasta zai bi layi yana duba farce da haƙora da gashi, sannan kowa ya ɗaga hankicinsa sama. Wanda nasa ya yi dauɗa da wanda bai zo da shi ba hukuncinsu ɗaya. Iyaye mata kan maƙala wa ƙananan cikinmu shi a gaban riga da fil don kada ya ɓace a hanya. Da na girma na karanta abin da Erasmus ya rubuta, sai na gane daga inda wannan duba ta taso.

Saboda haka ka ce wa maƙwabcinka asalin kalmar rabi Ingilishi ne rabi Faransanci, Faransancin kuma Latin ne. Amma in cewa yake a yau hankici Hausa ce, ina bayansa. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san ta, kuma Baturen Landan in ka ce masa hankici ba zai gane ba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina koyar da Ingilishi a aji biyar na firamare. Duk lokacin da na ba yara shifta da kalmar handkerchief, kusan duk ajin sai sun bar d. Sannan wani yaro ya tambaye ni, tunda jam'in thief shi ne thieves, me ya sa ba a cewa handkerchieves? Ina neman amsar da zan ba shi.
Daga wata malamar firamare, Funtuwa.

AMSA: Malama, barka kadai, Allah ya ba da ladan koyarwa. Yaranki abin da suka ji suka rubuta, kuma daidai suka ji. Baƙaƙe uku ne suka haɗu a tsakiyar kalmar, n da d da k, harshe kuwa ba ya son wannan cunkoso, sai ya tsallake na tsakiya. Haka yake a handsome, ba a furta d. Haka cupboard, wanda muke ce wa kabad, ba a furta p, alhali asalinsa cup ne da board, wato katakon da ake jera kofuna a kai, tun kafin a yi masa ƙofa. Furuci ya ci gaba da tafiya, rubutu ya tsaya. William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila a 1476, Samuel Johnson ya fitar da shahararren ƙamusunsa a 1755, tsakanin waɗannan biyun ne rubutun Ingilishi ya daskare a kan yadda ake furuci a da.

Dabarar da na ga tana aiki a aji ita ce a raba musu kalmar uku a allo, hand, ker, chief, a ce su ɗaga hannu in sun zo ta farko, su dafa kai in sun zo ta ƙarshe. Yaron da ya san akwai hannu a ciki ba ya sake barin d. Amma ki gaya musu a rubutu kawai take, kada su koma suna danna ta a baki.

Shi kuwa mai tambayar jam'i, ki yaba masa a gaban aji, don tunani ya yi. A tsohon Ingilishi, f in ta faɗo tsakanin wasula biyu v ake furta ta, shi ya haifar da thieves da leaves da wives, duk tsofaffin kalmomin gida ne. Chief kuwa baƙuwa ce daga Faransa, ba ta bi wannan hanya ba, jam'inta chiefs, kamar yadda proof ke zama proofs. Handkerchief ta bi uwarta, handkerchiefs. Wasu ƙamusoshi suna kawo handkerchieves ma a matsayin wadda wasu ke faɗa, saboda haka yaron bai ƙirƙiri abin da babu ba. A jarrabawa dai ya rubuta mai fs. Ki kuma shirya, wani zai ɗaga hannu ya kawo miki roof, wadda 'yar gida ce amma jam'inta roofs. Ki ce masa ƙa'idar ta galibi ce.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. 'Yata da ke karatun jinya ta hana mu amfani da hankici a gida, wai tara cuta yake, sai tishu. Yaushe aka fara tishun nan, kuma gaskiya ta faɗa?
Daga wata uwa, Damagaram.

AMSA: Hajiya, ina amsawa, a gai da 'yar tamu. Fyace hanci a takarda ya daɗe a Japan. A 1615 wata tawagar Japanawa da ke kan hanyar zuwa Rum ta yada zango a garin Saint-Tropez na Faransa, mutanen garin suka rubuta mamakinsu na ganin baƙin suna fyace hanci a wata takarda mai laushi suna yarwa. Amma wanda kike saye a kanti daga Amurka ya taso. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya auduga ta yi ƙaranci, kamfanin Kimberly-Clark ya riƙa yin madadinta daga niƙaƙƙen itace don ɗaure raunukan sojoji. Bayan yaƙi, a 1924, suka fito da Kleenex don mata su riƙa goge man kwalliya daga fuska. Masu saye ne suka riƙa rubuto musu cewa su fa hanci suke sharewa da shi, sai a 1930 kamfanin ya juya tallarsa ta koma kan mura.

Sunan ma ke kin riga kin san shi. Tishu daga tissu na Faransanci ne, wanda a kasuwannin Nijar yake nufin yadi, asalinsa kuma saƙaƙƙen abu, duk da takardar ba saƙa ta ake ba.

Game da maganar 'yarki, rabi na ba ta gaskiya. In ana mura ko tari, tishu ya fi, a share, a jefa a kwandon shara, a wanke hannu da sabulu, domin mayar da jiƙaƙƙen ƙyalle aljihu ana sake fito da shi yana yaɗa cutar ga hannu da duk abin da hannun ya taɓa. Amma gumin watan Afrilu da ƙurar hunturu a Damagaram ba aikin tishu ba ne, yanzu zai narke ya bar miki ɓurɓushi a fuska, ga kuɗin da yake ci. Kowa a gidan ya samu hankicinsa, kada a yi aro, a riƙa canjawa kullum, a wanke da sabulu, a shanya a rana, in da hali a bi shi da dutsen guga mai zafi. Ki gaya mata haka, in ta ga da gyara ta rubuto mana.